Takunkumin Dare: Yadda Talabijin Ke Mayar da Magani Abin Dariya

Gabatarwa

A gidanmu na gado akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin inji tun muna yara. Babu wani inji a cikinsa. Ɗakin da kawuna yake sauka ne duk lokacin da ya dawo daga Legas da tirelarsa. Da zarar ya kwanta bayan sallar isha'i, sai minsharinsa ya cika tsakar gida. Mu kuwa mukan laɓe a bakin ƙofa muna wani wasa: idan minsharin ya yanke, kowa ya canki adadin da za a kai, sannan mu fara ƙirga har zuwa lokacin da zai ja wani dogon numfashi mai gurnani, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Akwai daren da muka kai arba'in. Sai da na shiga jami'a na gane cewa abin da muke ƙirgawa tsawon lokacin da kawu ya yi ba ya numfashi ne.

Na'urar da ake maganin wannan ciwo da ita kuwa a talabijin na fara ganinta, cikin wani wasan kwaikwayo na Amurka, kuma abin da na fara yi shi ne dariya. Wannan dariyar ita ce tushen muƙalar nan. Ina so in bi diddigin yadda talabijin ta Amurka, wadda tauraron ɗan'adam da intanet suka kawo mana har ɗaka, take nuna maganin ɗaukewar numfashi a cikin barci, in auna hoton da yawan masu ciwon da masu shan maganin a zahiri. Ra'ayina shi ne talabijin tana kallon wannan magani da idon wanda ke farke a gefen gado. Ba kasafai take kallonsa da idon mai barcin ba, kuma da wuya ta jira gari ya waye ta ga yadda ya tashi.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Kafin a yi hukunci kan hoto, ya kamata a san abin da aka ɗauka. Idan mutum ya yi barci, tsokokin da ke riƙe da harshe da ganda da bangon maƙogwaro sukan saki. A wurin wasu mutane hanyar iska takan ƙuntata har naman ya riƙa kaɗawa, shi ne minshari. A wurin wasu kuma takan toshe ɗungurungum. Ƙirji yana ta kokawa, iska ba ta shiga, iskar oksijin tana raguwa a jini, har sai ƙwaƙwalwa ta firgita mutumin ya ɗan farka ya buɗe hanyar, sannan ya koma barci ba tare da ya san an yi ba. Likitoci suna ƙirga duk yankewa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa 15 a awa guda ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Wanda ke cikin rukunin ƙarshe yana iya farkawa sau ɗaruruwa a dare ɗaya. Da safe sai ciwon kai da kasala, da rana sai gyangyaɗi. Ciwon yana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, kuma direban da ke ɗauke da shi ba tare da magani ba ya ninka sauran direbobi yiwuwar yin hatsari.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, babban abin da ake yi wa wanda ciwonsa ya tsananta shi ne a huda masa maƙogwaro ta wuya domin iska ta kauce wa inda ke toshewa. A shekarar 1980 wani likita a birnin Sidni na Ostareliya, Colin Sullivan, ya juya injin na'urar zuƙe ƙura ta yadda zai riƙa huro iska, ya haɗa shi da tiyo zuwa hancin wani majinyaci. Matsin iskar ya tokare hanyar numfashin ta zauna a buɗe, mutumin ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. A 1981 mujallar The Lancet ta buga sakamakon gwajin a kan mutum biyar. Wannan ce na'urar da ake kira CPAP. Iskar ɗaki kawai take turawa, ba oksijin na kwalba ba, kuma ba ita ke yi wa mutum numfashi ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin a kansa ne hoton talabijin ya fi ɓatar da mai kallo.

Ƙato mai minshari

Fuskar farko da talabijin ta ba wannan magani ta barkwanci ce, kuma ta gaje ta ne daga adabi. A littafin The Pickwick Papers da Charles Dickens ya fara fitarwa a 1836 akwai wani yaro mai ƙiba, Joe, wanda barci ke sacewa ko yana tsaye, yana minshari ana dariya. Kamannin sun yi daidai da na wasu majinyata har likitoci a 1956 suka raɗa wa wani ciwon numfashi na masu ƙiba sunan littafin. Wato tun kafin ciwon ya sami suna a asibiti, ya riga ya sami matsayi a fagen ban dariya.

Shirin Mike & Molly, wanda tashar CBS ta nuna daga 2010 zuwa 2016, ya ɗora daga nan. Mike ɗan sandan Shikago ne, Molly malamar makaranta, sun haɗu a taron masu fama da yawan ci. Mike yana kwana da na'urar, kuma shirin ya fito da ita ne a daidai gaɓar da soyayyarsu ta kai ga kwana wuri ɗaya. Dubi yadda aka tsara irin wannan fitowa, a nan da sauran shirye-shirye masu kama da shi. Kyamara tana tsayawa a ɓangaren abokin kwana. Ana zaɓen takunkumi mai girma da igiyoyi da tiyo mai lilo kamar haɓar giwa, alhali akwai ƙananan da ke zama a ƙofar hanci kawai. Sau da yawa ana ƙara wa na'urar huci irin na Darth Vader, alhali na'urorin zamani ƙararsu ba ta wuce raɗa ba. Daga nan sai dariyar 'yan kallo ta biyo baya, ta sanar da mai kallo abin da ake so ya ji.

Ba na cewa haramun ne a yi dariya da jikin ɗan'adam. Barkwanci da rauninmu yake ci da sha. Abin da nake tuhuma shi ne inda aka ajiye dariyar. Ciwon ba ya ganuwa, domin yana faruwa ne a cikin duhu, cikin maƙoshi. Sauƙin da ake samu ma ba ya ganuwa, domin mutumin da ya wuni ido biyu a wurin aiki ba labari ba ne. Abin da kyamara ke iya kamawa shi ne takunkumin kaɗai. Ta haka sai maganin ya ɗauki matsayin cutar a idon mai kallo: kafin a sa shi mutumin lafiyayye ne mai minshari, bayan an sa shi ya zama majinyaci abin tausayi. An kifa gaskiyar ƙasa ta koma sama.

Mai iko a cikin igiya

Fuska ta biyu ta fi ta farko zurfi. A shirin The Sopranos na tashar HBO, wanda aka nuna daga 1999 zuwa 2007, Junior baffan Tony ne, kuma a suna shi ne shugaban gungun 'yan ta'addar da ɗan ɗan'uwansa ke juyawa a zahiri. A zango na biyu, a shekarar 2000, Junior yana cikin ɗaurin talala a gidansa, sai likita ya ɗora masa na'urar. Tony ya yi masa ba'a, ya kwatanta shi da matuƙin jirgin yaƙi. A nan takunkumin alama ce. Marubutan sun jera shi tare da sauran igiyoyin da suka ɗaure tsohon: umarnin kotu, da tsufa, da hannunsa da ya maƙale a magudanar wanke-wanke ya rasa mai ceto na tsawon sa'o'i. Mutumin da ake tsoron sunansa ya koma wanda ko numfashi sai an taimaka masa.

Duk da haka, a wannan shirin ne na ga fitowa mafi gaskiya game da na'urar. Wata dattijuwa da suka san juna tun ƙuruciya, mijinta ya rasu, ta shiga kula da Junior, har takan taimaka masa ya ɗaura takunkumin da dare. Babu dariyar 'yan kallo a wurin. Abin da ya kasance tambarin faɗuwarsa ya zama hanyar da wata ta bi ta nuna masa ƙauna, shi kuma ya yarda a gan shi a haka. Wannan ya nuna cewa laifin ba na na'urar ba ne. A hannun marubucin da ya san aikinsa tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya.

Labaran talabijin ba su yi wannan haƙurin ba. A ƙarshen watan Yuni na 2023 'yan jarida sun hango shatin igiya a kumatun Shugaba Joe Biden, fadar White House ta tabbatar da cewa ya fara amfani da CPAP, ta kuma tuna cewa an bayyana tarihin ciwon a bayanan lafiyarsa tun 2008. Tashoshi suka riƙa kusanto da hoton kumatun, zancen kuma ya gangara cikin muhawarar shekarunsa 80. Ko mene ne ra'ayin mutum game da cancantar dattijon, mai amfani da na'urar ya fi wanda ke da ciwon bai sani ba samun barci. Amma darasin da mai kallo ya kwasa shi ne shatin magani a fuska abin ɓoyewa ne.

Mai talla da hajarsa

Fuska ta uku ita ce ta talla. Amurka da Niyu Zilan ne ƙasashen da suka yarda a tallata wa jama'a kai tsaye magungunan da sai likita ya rubuta, saboda haka ɗakin jinya yana shiga falon Ba'amurke tsakanin labarai da wasan ƙwallo. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da wata na'ura mai suna Inspire, wadda ake dasawa a ƙirji tana motsa jijiyar harshe domin kada ya faɗa baya. Tallace-tallacenta sun ari hoton da wasannin barkwanci suka riga suka shuka: ga mutane suna kokawa da tiyo da takunkumi, ga kuma wani mai fara'a riƙe da ɗan madanni a hannu. Sai an nutsu ake lura cewa tiyata ce, kuma an tanade ta ne ga wasu daga cikin waɗanda suka gwada CPAP suka kasa. A Disamban 2024 kuma hukumar ta amince da allurar Zepbound ga masu ƙiba da ciwonsu ya kai matsakaici ko mai tsanani. Duka biyun ci gaba ne na gaske. Sai dai mai talla yana buƙatar mugu a labarinsa, kuma takunkumin ne ya fi sauƙin samu, tunda an riga an koya wa jama'a ƙyamarsa.

Abin da alƙaluma suka ce

Wanda iliminsa ya tsaya a allon talabijin zai ɗauka ciwon na wasu 'yan tsirarun ƙattin maza ne da tsofaffi. Binciken da aka yi a jihar Wiskonsin aka buga a 1993 ya gano ciwon tare da gyangyaɗin rana a jikin kashi 4 cikin ɗari na maza da kashi 2 na mata masu shekara 30 zuwa 60. Ƙiba babban dalili ce, amma siriri mai ƙaramar haɓa ko matsattsen maƙogwaro ma yana kamuwa, haka yaro mai kumburarrun 'yan wuya, haka mace bayan jinin al'ada ya ɗauke mata. Mata sukan je wa likita da kukan gajiya da rashin barci, sai a nemi dalilin a wani wurin. A Amurka ana ƙiyasta masu ciwon da kusan miliyan 30, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari ba a gano su ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya, miliyan 425 daga ciki matsakaici ko mai tsanani, ya kuma sa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi. Dole mai nazari ya karanta wannan adadi da taka-tsantsan, domin an faɗaɗa shi ne daga bayanan ƙasashe 16 kacal, kuma kamfanin ResMed mai ƙera na'urar ne ya ɗauki nauyin aikin. Amma ko an zabge rabinsa, abin da ya rage ya fi ƙarfin a kira shi ciwon tsiraru.

Alƙaluman suna nuna abu biyu a tare. Masu kwana da na'urar miliyoyi ne, ta zama kayan gefen gado kamar tabarau a gidaje da yawa na ƙasashen masu wadata. Waɗanda ya kamata su kwana da ita ba su yi ba kuwa sun ninka su. Talabijin ta gaza a duka biyun: ta mayar da abin da ya zama ruwan dare baƙon abu, ta kuma yi shiru game da mafi rinjaye da ke shaƙewa kowane dare ba su sani ba.

Inda talabijin ta yi gaskiya

Adalci ya wajabta in faɗi inda masu barkwancin suka dace. Na'urar tana da wuyar sabo. Tana busar da hanci, iska na tsiyaya ta gefen takunkumi, wasu kuma suna jin kamar an rufe su a akwati. Ma'aunin da inshorar gwamnatin Amurka ke amfani da shi wajen cewa mutum yana bin magani shi ne awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare, kuma duk da sassaucin wannan ma'auni mutane da yawa ba sa kai shi. Babban gwajin SAVE da aka buga a 2016, a kan mutum fiye da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ya nuna na'urar ta rage gyangyaɗi ta kyautata rayuwa, amma ba ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba. Matsakaicin amfani da ita a gwajin bai wuce awa 3 da 'yan mintoci a dare ba. A Yunin 2021 kuma kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori saboda soson rage ƙara da ke ciki yana iya ruɓewa mutum ya shaƙa. Don haka wanda ya zana na'urar a matsayin mu'ujiza shi ma ya yi ƙarya. Akwai kuma masu cewa fitowarta a allo, ko da cikin raha ne, tana sa a saba da ita. Wannan hujja tana da ƙarfi, ni kaina shaida ce, tunda ta nan na fara saninta. Sai dai sanin abu daban, yarda a ɗaura shi a fuska daban.

Komawa ɗakin inji

Bayan kawu ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari motarsa ta sauka daga titi, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, muka matsa masa ya je wani asibitin koyarwa. Aka kwantar da shi dare guda da wayoyi a jiki, sakamako ya nuna ciwon mai tsanani ne, likita ya rubuta masa na'urar. Na yi zaton kuɗin ne zai hana, ko rashin tsayayyar wutar lantarki, kuma lalle duka biyun sun ba mu wuya, sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo aka haɗa da batir. Amma abin da ya fara fitowa daga bakinsa daban ne.

"Ke 'yar boko," in ji shi, "wannan ba shi ne abin da ake sa wa mutum a fim idan ya kusa cikawa ba?"

Na ce, "Kawu, wancan daban ne. Wannan iska ce kawai."

Ya ce, "To, ni da raina ba za a rufe mini fuska a gaban iyalina ba."

Kawu bai taɓa kallon The Sopranos ba. Finafinan Hausa da na Indiya yake kallo, inda minshari ke zuwa a fitowar ban dariya, takunkumi kuma a fitowar gadon asibiti, dangi na kuka a bakin ƙofa. Allon da ya sani ya ba shi ma'anar takunkumi ɗaya, wanda na sani ya ba ni wata, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta ce masa zai tashi da safe garau. Wata uku na'urar ta yi a cikin kwalinta. Matarsa ce ta karya taurin kan, da ta gaya masa cewa shekara da shekaru ba ta barci sosai, tana kwance tana sauraron shirunsa, tana jiran ta ji ko zai dawo. Ashe wasan da muke yi a bakin ƙofa ita ma tana yinsa, sai dai nata babu dariya.

Kammalawa

Hausawa na cewa barci ƙanin mutuwa ne, kuma ga mai wannan ciwo maganar ta wuce karin magana. Ba na neman marubutan talabijin su koma malaman kiwon lafiya. Wasan da ya zama lacca ya mutu. Abin da nake nema aikin adabi ne tsantsa, wato a sauya mazaunin kyamara. A nuna matar da ke ƙirga shirun mijinta cikin duhu. A nuna direban da ke cizon leɓe don kada idonsa ya rufe a hanyar Lakwaja. A ɗora takunkumin a fuskar budurwa ko siririn malami, ya cire shi da asuba kamar yadda ake cire hula, labari ya ci gaba ba tare da kowa ya tanka ba. Fitowar Junior da dattijuwarsa ta isa shaida cewa hakan mai yiwuwa ne.

Yanzu idan kawu ya sauka a gidanmu, ɗakin inji shiru yake yi, duk da cewa a karon farko akwai inji a cikinsa. Ƙannena ƙanana ba su san dalilin sunan ɗakin ba, suna zaton saboda na'urar ce. Da safe nakan same shi a ƙofar gida yana shan shayi yana sauraron rediyo, kuma yakan kai ƙarshen labarai idonsa biyu.